Rigar Ulun da Na Wanke

Litinin, 10 ga Yuni
Na iso tsibirinmu na Lemuy da jirgin ruwan ƙarfe goma. Yayyafi, kamar kullum; a nan Yuni lokacin hunturu ne. Baba ya tsufa fiye da yadda muryarsa take nunawa a waya. Shawararmu da yayana Hernán a Santiago ita ce in zauna mako biyu in duba shi, idan na ga ba zai iya wani hunturun shi kaɗai ba, in taho da shi birni. Ba mu gaya masa ba. Yana dai kallona yana zuƙar shayin mate.
Na kawo masa jar rigar ruwa. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "'Yar jarida, wannan ai sai kajina su gudu."

Laraba, 12 ga Yuni
Ruwan teku ya janye, na bi Baba tonon ƙumba a yashi, irin mai nama a cikin ɓawo da ake ci. Ni kaya hawa uku da rigar roba a sama, yadda na karanta. Shi kuwa rigar ulu guda, toka-toka, ta ƙarshe da Inna ta saƙa kafin ta rasu, sai hula da takalmin roba da ya cusa wa busasshiyar ciyawa. Gumina ya jiƙa ni daga ciki. Shi ruwan tsayawa yake yi a kan ulun ɗigo-ɗigo, kamar a bayan agwagwa.
Hazo ya haɗiye tsibirin da ke gabanmu, ya bar hasumiyar coci tana yawo a sama ita kaɗai. Na daɗe ina kallo.
Amma rigar tana wari. Tunkiya, hayaƙi, kifi.

Jumma'a, 14 ga Yuni
Rana ta leƙo. Baba na barcin rana, na wanke rigar. Ruwan zafi da omo, sau uku, har ruwan ya fita fes. Shekara ashirin ina gyara rubutun mutane, ban iya ganin datti in wuce ba.

Asabar, 15 ga Yuni
Ta tsuke. Hannunta bai kai wuyan hannunsa ba. Ya sa ta a haka, ya kai hanci kafaɗa, ya daɗe.
"Marcia, kin wanke uwarki." Ba da faɗa ya faɗa ba.
Ya fita teku. Ya dawo sharkaf, leɓensa shuɗi.

Talata, 18 ga Yuni
Tari da zazzaɓi. Ma'aikaciyar jinya ta ce sanyi ya shiga ƙirji, kwana goma ba fita. Hernán a waya: "To ga amsarmu nan, ki haɗa masa kaya." Ban ce masa ni na jawo ba.

Alhamis, 20 ga Yuni
Goggo Uberlinda, maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, ta kawo farfesun kaza. Ta ɗaga rigar da yatsa biyu.
"Wace mai ilimin ce ta yi wannan aika-aika?"
Na ce ni ce.
"Duk littattafan da kika haɗiye babu wanda ya gaya miki maiƙon tunkiya ne ke korar ruwa? Uwarki Clorinda ba ta taɓa wanke ulun rigar teku ba. Yadda aka aske shi haka take kaɗa shi. Iska ake ba ta, 'yar nan, iska!"
Baba daga gado, cikin tari: "Ƙyale ta, Uberlinda. A birni har ruwan ma wanke shi suke yi."
Na sani fa. Hannun Inna kullum da santsi, da wannan warin, idan tana ɗaura mini hula. Yaushe na manta, ban sani ba.

Lahadi, 23 ga Yuni
Na gaya wa Hernán gaskiya. Ya ce, "Ko ma mene ne, tsoho ne." Haka ne. Na ce ya ƙara mini lokaci.

Laraba, 26 ga Yuni
Goggo ta kawo buhun ɗanyen ulu da mazarin Inna da ke wurinta. Za mu saƙa wa Baba sabuwa. Tsohuwar kuma muka shimfiɗa ta kusa da murhu muna goga mata ɗanyen ulun, ko maiƙon zai koma. Zarena kauri nan, siriri can. Ta ce ya yi kama da hanjin kifi.
Na yi gyangyaɗi da mazari a hannu. Na ga Inna tana tafiya a kan yashi, ruwa na sauka ko'ina ban da inda take.

Asabar, 6 ga Yuli
Baba ya tashi, amma ba zai fita ba sai sabuwar riga ta kammala, ga shi yana marmarin ƙumba. Na sa tsohuwar. Ta yi mini daidai, kamar da ni aka auna. Na cusa ciyawa a takalmi. Awa biyu cikin yayyafi, ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a kafaɗata, bai shiga ba.
Da na doso gida da kwando, yana tsaye a taga. Ya buɗe ta duk da an hana shi, ya ce, "Na san tafiyar nan, ta uwarki ce."
Jar rigar ruwa tana can ta rufe itacen girki, aikin ya dace da ita. Hernán ya kira sau biyu. Zan kira shi idan na gama hannun rigar. Goggo ta ce da irin saurina sai Satumba.
Ban yi mata gardama ba.