Gadar Baba da Saƙon Minti Goma Sha Bakwai

Kafanchan,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Yafet,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara ƙarfin jiki, ya tsare ku a wurin aiki. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma Zumuntar Mata.

Hoton Baba yana Facebook tun ranar Litinin, a matsayin mai goyon bayan Honarabul Dickson, wanda ke neman kujerar majalisar jiha. Baba bai goyi bayan kowa ba. Ga yadda abin ya faru. Honarabul ya buɗe zaure a WhatsApp, ya ce kowa ya kawo shawarar aikin da zai fara yi in ya ci zaɓe, kuma shawarar da ta fi samun ƙuri'a zai taɓa ta tun kafin zaɓen. Ka san gadar rafin ƙauyenmu, a bayan Godogodo, ta karye tun daminar bara. Irin citta da taki suna gida, gona tana ƙetare, ruwa kuma ya kusa sauka. In ba a gyara ba, Baba da gidaje tara ba za su yi shuka bana ba.

Na je ƙauye na ce Baba ya kawo in rubuta masa layi biyu. Ya ƙi, wai ba a aika wa babban mutum magana kamar takardar magani. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, duk da cewa murya kawai zai ɗauka, ya fara da addu'a. Ya gai da Honarabul, da matarsa, da 'ya'ya, ya yi ta'aziyyar kawun Honarabul da ya rasu shekara uku da suka wuce, ya rera baiti biyu na waƙar sujada. Na duba agogo: saƙon ya kai minti goma sha bakwai, maganar gada kuma ta shigo a minti na goma sha biyar. Sakataren Honarabul ya saurari minti ɗaya, ya yanke shi, ya sa a Facebook tare da hoton da ke kan WhatsApp ɗin Baba, ya rubuta cewa dattijon ikkilisiya ya sa albarka.

Ran Baba ya ɓaci sosai, domin shekara talatin yana dattijo ba a taɓa jin jam'iyyarsa ba. Ya ce zai aika gyara. Gyaran ya kai minti goma sha ɗaya, shi ma da gaisuwa ya fara, sai sakataren ya amsa da hoton hannaye biyu na addu'a. Nan ne Mama ta karɓe wayar, ta ce gadarmu ta karye, citta na jira, a gyara. Daƙiƙa tara. Kafin azahar an sa gada cikin jerin shawarwari. Baba ya yi kwana biyu yana cin tuwonta ba ya mata magana, wai ta kunyata gidan, ko sannu da aiki ba ta ce wa mutumin ba.

Yanzu gada tana da ƙuri'a arba'in da ɗaya, fitilun titi na cikin gari suna da hamsin da takwas, domin masu gada yawancinsu sai sun hau tudu suke samun sabis. Ranar Juma'a za a rufe. Na tura maka hanyar shiga zauren. Ka shiga, kai da matarka Anti Doreen, ku danna gada kawai. Ina roƙonka, Yaya, kada ka gai da kowa.

Ka gai da Anti Doreen, da Jason, da Hephzibah. Baba da Mama suna gaishe ku, kowa dabam. Maƙwabcinmu Meshak ya ce jiya ya ga mutum biyu a bakin rafin da igiyar awo. Ba a tabbatar ba tukuna ko daga wurin Honarabul suke.

Ƙanwarka,
Emilia