Gwangwanayen Surukina a Kan Eriyata

Aikin farko na yau Asabar: shanya batura a rana. Na yi. Na biyu: rubuta wa Inna Baiwa. Shi nake yi yanzu, bayan na yayyaga wasiƙun da na fara.

Inna, ki taimake ni. Na san filinki na matsalolin aure ne, tawa kuwa ta rediyo ce. Amma ki daure ki karanta, akwai aure a cikinta.

Ni akawu ne a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. Da aka ba mu jiha aka dawo da mu daga Sakkwato, na kama haya a Nasarawa. Ba na kallon ƙwallo, ba na zaman dara. Abu ɗaya nake yi, sauraren gajeren zango. Ba labaran safe da kowa ke ji ba. Tashoshin nesa nake farauta, waɗanda ko kalma ɗaya ba na ganewa a yarensu. In na kama ɗaya sai in rubuta ta, da mitarta, da yanayin sama, da abin da na ci, domin na taɓa zargin tuwon shinkafa yana ƙara mini ji. Har yanzu ban tabbatar ba.

Damuwata a Nasarawa ƙara ce. Da maƙwabcina ya tayar da injin niƙa sai ƙasar Sin ta ɓace. In mai walda ya kama aiki, Birazil ma ta bi ta.

Ina da aboki tun sakandare, Riskuwa, mai shagon kayan lantarki a Argungu. Shi ya nuna mini hoton wata sabuwar rediyo: baƙin akwati, ba allura, ba abin murɗawa. Da kwamfuta ake haɗa ta, fuskar rediyon ta fito a gilashi. Wai tana haddace tashoshi, har ta ɗauki shiri da kanta kana barci. Wato ita za ta yi sauraren, ni in yi minshari. Abin ya burge ni, ya kuma ɗan ɓata mini rai. Riskuwa ya ce ko wace iri na zaɓa, sirrin yana ga eriya: doguwar wayar tagulla, a sama, nesa da injuna. Na sayi wayar don in gwada da tsohuwar rediyota mai batir.

Wuri mai shiru da na sani ɗaya ne, gonar shinkafar surukina a fadamar Zauro.

Dole in yi miki bayaninsa. Manomi ne tun kaka da kakanni. Tunda ya ba ni ɗiyarsa bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa yaba mini ba. Sau ɗaya na je masa gayya a farkon aurenmu, na nome shinkafa na bar ciyawa. Tun daga ranar in zai ambace ni sai ya ce mai biro. Ni kuma kin san kunyar suruki. In na je gaisuwa ina durƙushe, ido a ƙasa, na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa.

Don haka maiɗakina na aika ta roƙar mini izini. Ta dawo ta ce ya yarda. Na je ran Lahadi na kafa gorori, na ja wayar daga wannan gefen gona zuwa wancan, na kawo bakinta cikin rumfar da ke kan tudu. Inna, da na kunna, sai da na zauna a ƙasa. Na ji wata mata tana karanta wani abu, ina jin farashin kifi ne, daga wata ƙasa da har yau ban gano ta a taswira ba. Kamar a gabana take.

Abin da ban lura da shi ba, shinkafa ta fidda kai, tsuntsayen jan-baki sun fara sauka. Kuma a Zauro duk igiyar da aka ja a kan gona a irin wannan lokaci, aikinta ɗaya ne.

Da na koma Lahadin da ta biyo, na tarar da eriyata ɗauke da gwangwanayen madara da na tumatir, an zuba musu tsakuwa, an naɗe su da guntayen waya a jikinta. Akwai tsummoki, akwai murfin tukunya, akwai wata tsohuwar buta. Surukina yana zaune a rumfata, in ya fizgi bakin wayar sai gona duka ta ɗauki kwaramniya, tsuntsaye su tashi. Ya dube ni, ya yi murmushi. Ban san yana da wushirya ba sai ran nan. Ya juya ga manoman da ke wurin ya ce, “Kun gani? Ɗana na ya ɗamre ta. Tun da anka yi gonag ga ba ta taɓa samun igiya irin wagga ba.”

Ɗana, Inna. Ba mai biro ba.

Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, Allah ya ƙara lafiya, Baba.

Yanzu an faɗi labarina a ƙofar masallaci. Ya aiko mana da busasshen kifi. Maƙwabtan gona suna tambaya ko ina ɗaura wa na waje. Rediyo kuwa, in na haɗa ta a ɓoye, iska na kaɗawa sai in ji kamar ana suyar ƙosai a cikinta. Matar nan mai farashin kifi ta tafi.

Na tambayi maiɗakina me ta ce wa mahaifinta tun farko. Ta ce ta faɗa masa ina son yin aiki a gonarsa, kuma ba ta ga ƙarya a ciki ba. Ta ƙara da cewa in na kuskura na kwance wayar nan, in nemi mai tuƙa mini tuwo a gajeren zango.

Ga Riskuwa zai tafi Legas sari, yana jiran amsata. In na ce ya kawo baƙin akwatin, sai na sayi kwamfuta ta hannu, sai kuma na kwanto wayata na kawo gida, don irinta ta ƙare a shagonsa. Ga shi ana ta raɗe-raɗin kwamfutoci za su haukace da shigowar shekara ta dubu biyu, ban sani ba ko har da rediyon za su tafi. Shin in sayi akwatin? In kwance wayar da dabara in ce ɓarayi ne? Ko in gaya masa gaskiya in koma mai biro? Na jera amfanin kowanne da illarsa, sun yi kunnen doki.

Naki,
Mai Eriya, Nasarawa

AMSA

Mai Eriya, na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma na ga inda abin yake maka ciwo, kuma ba a rediyon ba ne. Ka daɗe kana jiran kalma ɗaya daga bakin tsohon nan, ka same ta, kana kuma jin kamar ba taka ba ce.

Mu fara da akwatin. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, sai na tambayi wani injiniya da na yarda da shi. Ya ce na'urar ba wasa ba ce, tana da kyau ga mai ɗaki shiru da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai dai kwamfuta ita ma tana fitar da tata ƙarar, musamman ta hannu, tana iya danne ƙananan tashoshin da kake bi. Ka ga a Nasarawa akwai wuta babu shiru, a Zauro akwai shiru babu wuta. In ka saye ta yanzu ka ƙara wa injin niƙa abokin hira ne kawai. Ka ce wa Riskuwa ya dakata. In hannunka yana ƙaiƙayin saye, ya kawo maka mai batir mai nuna lambar mita, wadda za ka rataya a kafaɗa. Batun haukan kwamfuta kuwa, ba ka da ita, bar masu ita su yi fargaba.

Maganar ɓarayi ka cire ta daga ranka. Ƙarya ce, kuma wani bawan Allah za a zarga. Wayar nan ba za ta motsa ba sai an yanke shinkafa. Abincin gidan surukinka na shekara ne a ƙarƙashinta.

Suyar ƙosan da kake ji, injiniyan ya ce ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Ka kwance guntayen wayoyin, ka rataye kowane gwangwani da igiyar leda yadda ba zai taɓa tagullar ba. Butar kam ka sauke ta, ta yi nauyi. In hadari ya taso ka cire rediyo, ku duka ku bar rumfar.

Ya kuma gaya mini tashoshin nesa sun fi shigowa da sassafe da gab da faɗuwar rana. Kai ka fi ni sanin lokacin da jan-baki ke sauka. To me ya rage? Ka karɓi tsaron gonar a ranakun hutunka, tsoho ya huta. Kunne ɗaya a rediyo, hannu ɗaya a igiya. Sannan ka gaya masa gaskiya da bakinka, ba ta bakin maiɗakinka ba, mun ga irin fassararta. Ka ce wayar aiki biyu take yi, ka kamo masa karatun Alƙur'ani daga Masar ya ji. Mutumin da ya tarar da kai kana korar masa tsuntsaye tun asuba ba zai karɓe kalmarsa ba.

Allah ya ba da amfanin gona mai albarka, ya bar ka da sabon sunanka. Tunda na lura ba ka motsi sai an jera maka, ga na gobe:

Sayen igiyar leda.
Aika wa Riskuwa ya bar akwatin.
Gode wa maiɗakinka, ta fi ka iya kama tasha.
Sauke buta.
Ɗaga kai ka dubi fuskar Baba.