Ranar Kulle Malam a Waje

Askerby, Nuwamba 1643

Zuwa ga ƙanwata Dorcas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da su Jude. Yaya tarin autarki? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tashi duk sanyi.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne mutanen Majalisa ba sa son a yi sarki sam. Da yawa haka suka ɗauka, amma ba haka ba ne. Ki tare kowane sojan Majalisa a titin Hull, zai ce miki don Sarki da Majalisa yake yaƙi. Rigimar a kan wa ke ɗora haraji take, da wa ke riƙe da sojoji. Sarki ya ce daga Allah ya karɓi mulki. Majalisa ta ce ya sha yin alkawari yana warwarewa.

Da ɗalibaina suka kasa ganewa, sai na tuna musu da ranar kulle malam. Kin san ta, tunda ke kike miƙo mana burodi ta taga muna yara. Har yau ba ta sake ba. Gab da Kirsimeti su riga ni shiga aji, su tokare ƙofa da benci, su ce sai na ba su hutun da suke so, na kuma yi alkawarin ba wanda zan doka. Ni kuwa in tsaya a waje ina buga ƙofa, ina cewa zan fere musu fata, in koma roƙo, har da kukan ƙarya. Ba a buɗewa sai masu lamuni biyu sun tsaya a bakin taga sun ɗauki alkawarin a madadina, wato Hobson maƙeri da Metcalfe mai niƙa.

Ninian Raine, babban ɗalibina, ɗan matar nan mai saƙa da mijinta ya rasu, ya ɗaga hannu ya ce ashe Sarki da Majalisa masu lamuni suka rasa. Saura kaɗan in rungume shi. Shi nake shirya wa jami'a, shi ne kuma jagoran kullewar bana.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne sojojin Sarki da suka sauka mana tun kaka. Kyaftin ɗinsu matashi ne daga kudu, ya yi shela cewa duk gidan da aka tokare ƙofarsa aka yi harbi daga ciki, gidan 'yan tawaye ne. Yaran kuwa kin san sai sun harba tsofaffin bindigoginsu da albarushi zalla. Na hana su. Ninian ya sunkuyar da kai ya ce to, Malam, yana danne dariya. Kowace shekara ina hana su, Dorcas. Hanin ma cikin wasan yake.

Ki gaishe da yara, ki sa mu a addu'a.

Yayanki mai ƙaunarki,
Cuthbert

Askerby, Disamba

Dorcas ƙanwata,

Ina gaishe ki, Allah ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je wurin kyaftin na yi masa bayanin al'adar, ya ce ya ji ƙarairayin da suka fi wannan daɗi. Na bi iyaye gida gida, suka yi ta dariya, wai ai su ma sun kulle nasu malamin, kuma yana nan da ransa.

Ranar Talata ina ɗaura takalmi na ji ƙarar bindiga. Kafin in isa makaranta, sojoji sun cika farfajiya. Na faɗa wa ƙofar da hannu biyu ina cewa su buɗe, yau ba wasa ba ne. Suka kwashe da dariya, don bara ma na ce ba wasa ba ne. Na durƙusa cikin ƙanƙara ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Ninian ya leƙo ta tsagar taga ya ce, "Kai, Malam, bana ka fi bara iyawa. Har da hayar sojoji? To mun gani, ina masu lamuni?"

Hobson yana rundunar Majalisa tun bazara. Metcalfe ya zo a guje, gari fari fat a gemunsa, ya tsaya shi kaɗai a bakin taga. Na juya ina roƙon mutanen da suka taru ko mutum ɗaya ya tsaya kusa da shi. Ba wanda ya motsa. Tsayawa a gurbin Hobson a gaban sojojin Sarki kamar cewa ne kai ma ɗan Majalisa ne. Wani ƙaramin ɗalibi ya yi waƙa daga ciki cewa ɗaya ba biyu ba ne, sannan ya sake harba albarushinsa don murna. Sojoji suka harbi ƙofar.

Ashe Ninian ya riga ya koma ya jingina bayansa da ita don kada in ture. Harsashi ya shige shi ƙasan haƙarƙari. Wanzami ya ciro shi, amma zazzaɓi ya kama yaron. Ina wuni a gidansu. Uwar tana ajiye mini kujera dai.

Ki roƙa masa sauƙi, ke da duk wanda kika sani.

Yayanki,
Cuthbert

Askerby, Janairu

Ƙanwata Dorcas,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Safar ulun ta iso, na gode, ita ce a ƙafata yanzu.

Mun binne Ninian bayan sabuwar shekara. Kafin nan, ranar da ya ɗan farfaɗo ya nemi gafarata, wai ya kamata ya gane muryata. Na ce masa ni na koya masa kada ya yarda da ita a wannan rana. Sai ya ce, "Malam, ba a gama ba fa. An ba mu hutun? Ba wanda za a doka?" Na ce an bayar, ba kuma wanda za a doka. Ya ce Metcalfe ya shaida, uwarsa ta zama ta biyu. Aka kira Metcalfe, suka tsaya su biyu a gefen gadon suka ɗauki alkawarin. Da safe ya cika.

Kyaftin ya zo maƙabarta, hularsa a hannu. Kusa da kusa na ga bai girmi Ninian da yawa ba. Uwar ba ta dube shi ba, shi ma bai iya matsowa ba.

Kin ce in gaya miki ɓangaren da nake yanzu. A da ina iya zana miki hujjar kowannensu a allo, kin san ina son wannan aikin. Yanzu in na ɗauki alli sai in ajiye.

Mun koma makaranta. Kafinta ya toshe ramukan ƙofar, amma yaran ba sa rufe ta. Duk abin da na ce yi suke tun ban rufe baki ba, har abin yana ba ni tsoro, ban da wannan. Jiya iska na shigo da ƙanƙara har kan benci na ce wani ya tashi ya rufe. Suka zuba mini ido, ba wanda ya tashi. Na sa babbar rigata muka ci gaba da karatu.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki kira ɗanki Jude da tsawar wasa irin wadda kika saba, an jima ki kira shi da gaske, ki duba ko yana rarrabewa. In bai iya ba, ki koya masa tun yau.

Ki sumbaci yaran a madadina. Allah ya tsare ku.

Yayanki har kullum,
Cuthbert