Bencin Jirginmu Ya Karye

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Malali lafiya lau.

Bencin jirginmu mai inji ya karye da Inna a tsakiyar kogi. Ba ta ji ciwo ba, amma na sha faɗa. Tsatsa ce ta cinye notocin ƙafafunsa. Na jiƙa su da baƙin mai, wasu suka kwance, masu taurin kai na yanke da zarto. Mai walda ya yi sabbin ƙafafu.

Inna ta rantse ba za ta sake hawa ba sai ka fara zama, tunda ka fi kowa nauyi a gidanmu. Ka ga ke nan sai ka zo.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Bala