Lallen Bayan Rumbu

Dutsi,
8 ga Sha'aban.

Zuwa ga Yaya Zakiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da mutanen Baure. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Kin san Inna ba ta barin lallenmu ya wuce gwiwa, yana tasowa take yanke shi ta shanya. To, bara na ɓoye guda a bayan tsohon rumbu, na kare shi da zana. Ruwan alwalata nake zuba masa. So nake kawai in ga abin da yake zama idan an ƙyale shi.

Ashe itace ne! Ya fi ni tsawo yanzu. Ganyensa biyu-biyu yake fitowa, suna fuskantar juna, tsofaffin rassan kuma har da ƙaya. Makon jiya ya yi fure, ƙanana farare, cunkus a kan reshe. Ƙamshin ya cika gidan. Goggo Shatu ta rantse Yaya Hussaini ne ya sayo wa budurwa turare, wai ango ba amarya, har aljihunsa ta laluba. Shi kuwa sai rantsuwa yake. Na shige ɗaki na toshe baki da hijabi.

Ki gaida kowa. Don Allah kada ki faɗa.

Ƙanwarki,
Haulatu

Dutsi,
22 ga Ramadan.

Yaya Zakiyya,

Barka da shan ruwa. Ya jikin surukarki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Asiri ya tonu. Awakin maƙwabta sun shiga fegin lalle sun yi ɓarna, Inna tana bin su da kara har bayan rumbu, sai ga ta ga itacena. Ba ta yi faɗa ba, dariya ta yi, ta ce ashe shiru-shirun nan nawa noma nake a ciki. Goggo Shatu kuma ta ba Yaya Hussaini haƙuri da dabino uku.

Sai dai garin lallen da ya rage na mutum huɗu ne, mu kuwa mu biyar ne masu ƙunshin Sallah. Inna ta ce za ta sare nawa ta cike. Ga shi furen ya zube, ya ɗaura 'ya'ya kamar masoro, kore shar. Na fasa ɗaya, iri ne fal a ciki, amma bai nuna ba. Idan aka sare yanzu, ko ɗaya ba zai tsiro ba.

Na kasa roƙonta, kin san ni. Jiya dai da muna jajjage na ce mata a raba wa su huɗun, ni bana ba zan yi ƙunshi ba. Sai ta tashi ta ɗauki laujen da ta fito da shi don saran, ta mayar da shi ɗaki.

Idan kun zo yawon Sallah kika ga hannuna fari, kada ki tambaye ni a gaban mutane.

Taki har kullum,
Haulatu