Damin Baƙin Rake

Daga Jafaru a Batsari zuwa ga ƙanena Sahabi a Runka, ƙasar Safana. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, ciwo ya cinye mana rake bana. Ka tsaga kara ka ga cikinsa ja wur, yana tsami. Ga Hamma makiyayi nan da dami biyu. Siririn baƙin nan mai taurin tsiya shi kaɗai ciwon bai taɓa ba, shi za ka dasa. Farin mai kauri na yara ne su sha, daga gonar ciwo ya fito, kada ya kusanci fadamarka. Na san halinka na son abu mai kyan gani. Ka gaida matarka Larai. Wassalam.

*

Zuwa ga Yaya Jafaru, gaisuwa da ban girma.

Yaya, labari babu daɗi. Mun sari rake, ciki ja kamar an yanka kaza. Larai ta wuni kan tukunya, ruwan ya ƙi kamawa, ko curin mazarƙwaila ɗaya ba mu samu ba. Sai jiya aka karanta mini takardarka, don ranar da ta zo malamin da ke karanta mana ya tafi Katsina, ni kuwa na soke ta a rufin ɗaki na manta. Farin na dasa, har na raba wa maƙwabta bakwai iri. Baƙin na ɗauka karan banza ne da ka tsinto, na ba Hamma tukuici. Don Allah a aiko da wani. Ka huta lafiya.

*

Sahabi, gaisuwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tukuici? Kai, wane irin mutum ne kai? Wallahi tun da aka karanta mini na kasa cin tuwo. Babu wani. Damin nan shi ne duka, ko gaɓa ɗaya ban rage ba, don ƙasata ta kamu. Wajenka nake sa ran karɓar iri baɗi. Tashi ka nemo Hamma yau, ko ya dasa. Wassalam.

*

Yaya, gaisuwa.

Na same shi a rugarsu bayan Wagini. Ya yi ta godiya har na ji kunya. Ya ce yara sun kasa gatsawa, amma shanu sun ji daɗinsa ƙwarai. Ya ce in tambaye ka ko da saura.

Allah ya ba ka haƙuri.