Zuwa ga Malam, a kan kwanakin mijin Rabi

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hajara, matarka. Maƙwabciyarmu Maman Hanifa ke rubuta mini, a flat ɗin autarmu Rabi, nan unguwar Edmonton a London.

Rabi ta sauka lafiya, namiji. Wankan jego ya kawo ni. Amma ba a yi suna yadda ka sani ba, shi ya sa nake son magana da kai.

Ka san aikin jinya ya kawo ta London, da biza ta 'yan shekaru. Mijin yana Kano da shagonsa na taya, zuwa yake ya koma. To ashe masu harajin ƙasar nan ƙirga wa mutum kwana suke yi. Wani mai yi musu lissafi a Tottenham ya ce masa in ya wuce kwanakinsa, za a rubuta shi mazaunin nan, har ribar shagon Kano sai sun tambaya. Wai kuma tunda matarsa na nan, kwanakin nasa sun ragu. Ka ji fa. Matar mutum ce ke rage masa kwana.

Ita kuwa Rabi, wajen biza baƙuwa ce, wajen haraji 'yar gida. Kuma ba sa haɗa miji da mata, kowa kansa.

Na tuna lokacin da mai unguwa ke zuwa ƙofar gidanmu. Kai kake fita, ni ko leƙe ba na yi. Kakan ce, "Haraji a kan mai gida yake, mace ba ta san zafinsa ba." Yanzu 'yarka ta sani.

Ya zo jiran haihuwa, haihuwar ta yi jinkiri, kwanakinsa suka ƙare. Ina zaune a kicin na ji yana jan akwati. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mini sallama. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce Allah ya kiyaye hanya. Me zan ce? Suruki ne. Da kana nan, kalma ɗaya za ka yi ya ajiye akwatin.

A waya ya yi wa yaron huɗuba, ni na kara masa ita a kunne. Rago a Kano aka yanka, mu hoto muka gani. Tun ranar Rabi ba ta ɗaga wayarsa ba. Tana ba da nono tana kallon bango. Shekaranjiya ta ce ko ya sauwaƙe mata ne kawai.

Malam, jiya da ya sake kira, ni na ɗauka. Na kira shi da sunansa, Auwalu, da bakin nan nawa. Na ce masa shago ana sake wani. Sai ya ce to Inna, zai yi booking ɗin jirgi, masu harajin su rubuta shi duk inda suka ga dama.

Ban sani ba ko Rabi za ta buɗe masa ƙofa. Amma yau da safe ta tambaye ni ko akwai sauran yajin daddawa, shi ne mai son sa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya riƙa mana auren nan. Maman Hanifa, ajiye haka, na gaji.

Taka,
Hajara